Ranar da Ruwan Ƙirjin Yaya Ya Daina Zuba

Mutanen da wannan labari ya shafa ba su da yawa, kuma ya kamata in jera su tun farko don kada mai karatu ya ruɗe. Na farko yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, mai gyaran famfo, wanda duk unguwa ke kira Injiniya ko da yake bai taɓa shiga ajin da ake ba da wannan suna ba. Sai matarsa, wadda muke kira Inna, har da ni da na girme ta. Sai babbar 'yarsu, wadda aka laƙaba wa Alƙaliya tun tana ƙarama, domin ba a gardama a gabanta ta tashi ba ta yanke hukunci ba. Uban kuwa Uwata yake ce mata, saboda sunan mahaifiyarmu ta ci. Sai Nas, ma'aikaciyar jinya mai zagaya gidajen marasa lafiya. Sai Likita, wanda ba zai fito ba sai can gaba. Na ƙarshe ni ne, ƙanin Injiniya, mai fenti, na daɗe da ajiye buroshi.

Ni da Yaya a gine-ginen mutane muka ƙare ƙuruciyarmu. In gama shafe bango ya yi sumul, shi kuma ya zo da guduma ya fasa, wai bututu na yoyo a ciki. A kan wannan faɗa muka tsufa, kuma ba mu taɓa rabuwa ba.

Gidansa ɗan bene ne a bakin titi, shago a ƙasa, ɗakuna a sama, matattakala ƙunci a tsakani. A kan matattakalar nan ciwon ya fara nuna kansa. Yaya ya riƙa tsayawa a tsakiya yana haki, in an tambaye shi ya ce tsagar bango yake dubawa. Da aka kai shi asibiti aka ɗauki hoton ƙirji, likitoci ba su ɓoye mana komai ba. Ciwon daji ne a huhun dama, ya wuce a yanke. Ban da shi kuma ruwa na taruwa tsakanin huhun da bangon ƙirji, yana matse huhun har ya hana shi buɗewa. Suka ce ruwan ana iya zuƙe shi, amma zai dawo.

Haka kuwa aka yi. Duk bayan 'yan makonni sai ruwan ya cika, mu ɗauki Yaya kamar buhu mu sauko da shi, a soka masa allura ta baya tsakanin haƙarƙari a zuƙe, a riƙe shi a ɗakin marasa lafiya. A kwanciyarsa ta ƙarshe akwai wani dattijo a gadon da ke kusa da nasa. Da safe suna hira suna dariya, da rana aka ja labule aka kewaye dattijon, kafin yamma an shimfiɗa sabon zane a gadon. Yaya ya daɗe yana kallon zanen nan, sannan ya juyo gare ni.

"Mai Fenti," in ji shi, yana yanka maganar gunduwa-gunduwa don ƙarancin numfashi, "ka zama shaida. Ba zan sake kwana a asibitin nan ba. In mutuwa na nemana, ta san adireshina."

A lokacin ne aka kawo shawarar robar. Siririn tiyo ne mai laushi, a shigar da kansa cikin ƙirji inda ruwan yake taruwa, a bi da shi ta ƙarƙashin fata, wutsiyarsa ta fito a gefen haƙarƙari da ɗan bawul mai tare ruwa a bakinta. Da shi mutum zai riƙa zubar da ruwan a gida, ba sai an kwantar da shi ba. Yaya ya amince kafin a gama bayani. Alƙaliya ce ta ƙi. Ta ce gida ba asibiti ba ne, ta ce tsofaffi uku ba za su iya riƙe rami a buɗe a ƙirjin mutum ba. Da ta ga ba za ta ci nasara ba, sai ta kafa sharaɗi.

"Baba, na yarda. Amma ranar da robar nan ta ba da matsala, komai ƙanƙantarta, asibiti za ka koma ka kwanta, kuma ba za ka fito ba sai sun sallame ka da bakinsu."

Yaya ya gyaɗa kai. Daga baya ya ce mini ba yarda ya yi ba, numfashin gardama ne ba shi da shi.

Da aka sa robar muka dawo gida, Nas ta zo koya mana aikin. Inna na ganin tiyo na fitowa daga jikin mijinta ta kama ƙofa ta fita, ta ce jiri take ji. Alƙaliya aikinta na can wani gefen gari. Saura ni. Nas ta ce in miƙa hannuwana, ta dube su.

"Baba, hannunka ba ya rawa ko kaɗan."

"Abin da ya iya ke nan a duniya," in ji Yaya daga kan gado. "Jan layi. Amma ki lura da shi, 'yata, in ya ga wuri a buɗe sai ya shafa masa fenti."

Ga yadda aikin yake, kamar yadda ta koya mini. In wanke hannu da sabulu har gwiwa. In shimfiɗa takarda mai tsabta, in sa safar hannu, daga nan kada in taɓa komai, ko hancina. In ɗaye filasta, in warware robar, in duba fatar wurin ko ta yi ja ko tana fitar da wani abu. In cire murfin bawul in goge bakinsa da audugar sifirit. Sannan in haɗa shi da kwalba. Kwalbar an zuƙe iskar cikinta tun daga inda aka yi ta, don haka da kanta take jan ruwa. A jikin tiyonta akwai ɗan makulli da ake murzawa don a rage gudu ko a ƙara. In Yaya ya fara tari ko ya ji ciwo, in rufe. Ta nuna mini layin da ba a wucewa a jikin kwalbar. In an gama, sabon murfi, sabuwar auduga, sabuwar filasta. Rana ɗaya a zubar, rana ɗaya a huta. Ta ce zazzaɓi, ko ja a fata, ko ruwan ya yi kauri ya gurɓace, ko ya daina zuwa, duk abin kiranta ne a waya nan take. Ta faɗi wasu abubuwa da yawa a ranar, wataƙila har da abin da ya faru daga baya, amma kan tsoho ba ya ɗaukar kaya da yawa a tafiya ɗaya.

Yaya dai bawul ɗin yake ta kallo, yana leƙe ta ƙarƙashin hammatarsa.

"Wa ya ƙera wannan? Babu zare, babu wasa, kuma ba ya yoyo. Wannan mutumin ya san aikinsa."

Watanni muka yi a haka. Kullum ranar zuba nakan hau benen da hantsi, in tarar Inna ta share ɗaki ta buɗe taga, ta ajiye mini ruwan ɗumi da sabulu, ita kuma ta koma kicin. Ruwan yakan fito kamar shayin da ba a bari ya jiƙa ba. Yaya ba ya haƙuri da sanyin gudu.

"Buɗe gaba ɗaya mana! Tun ina yaro ban taɓa ganin wanda ke tsoron kan famfo irinka ba."

Sau ɗaya ya miƙa hannu ya murza makullin da kansa. Ruwa ya taho da ƙarfi, tari ya sarƙe shi, ya riƙe kafaɗa yana salati, idonsa ya kawo ruwa. Na rufe, na jira. Da ya farfaɗo ya ce laifin wanda ya ƙera kwalbar ne, ya cika mata ja. Amma bai sake taɓa makullin ba.

Cikin watannin nan Yaya ya dawo mutum. Ya rame, ba ya cin abin kirki, amma yana kwana a gadonsa, yana zama bakin taga yana sa wa masu gyaran titi ido, yana gaya musu daga sama cewa magudanarsu ba ta da gangare. Alƙaliya takan zo ƙarshen mako ta ɗaga rigarsa ta duba filasta kamar mai neman laifi, ta shinshina, ta taɓa goshinsa. Ba ta samu komai ba.

Sai ruwan ya fara raguwa. Kwalbar da ke kusan cika ta koma rabi, rabi ya koma abin da bai fi kofin shayi ba. Nas ta gani a zagayenta, ta ce mu ci gaba, mu lura, za ta dawo mako mai zuwa. Bayan tafiyarta abin ya ƙara ja baya. Wata safiya na haɗa kwalba na buɗe makulli, ɗigo kaɗan ya gangaro ya tsaya a tsakiyar tiyo. Na ce ya yi tari, ya yi. Na ce ya juya, ya juya. Shiru. Na sauya kwalba ko ta farkon ce ta sha iska. Shiru. Ranar zuba ta gaba ma haka.

"Ta toshe," in ji Yaya.

"To, mu kira Nas."

"Ka taɓa wayar nan in karya maka hannun da kake taƙama da shi. Ka kira Nas, Nas ta ce asibiti, Uwata ta ji, shi ke nan an gama da ni. Ka manta sharaɗinta?"

"Yaya, cewa aka yi in ya daina zuwa a kira."

"An gaya wa waɗanda ba su san bututu ba. Shekara nawa ina buɗe magudanar mutane? Bututu in ya daina zuba, wani abu ne ya tokare shi. A cikin ruwan nan akwai 'yan zare-zare, ka gan su da idonka. Su ne suka dunƙule. Aikin minti kaɗan ne. Kafin Nas ta zagayo mun buɗe shi, babu wanda ya ji, babu wanda ya gani."

Na ce ba zan yi ba. Ya ce in tafi gida in yi tunani. Na tafi, ban kira kowa ba, domin na san abin da kiran zai jawo masa, kuma ni ne shaidar rantsuwarsa.

Washegari da na zo, na tarar ƙofar shago a buɗe, abin da aka daɗe ba a gani ba. Ina shiga na hango Yaya a saman matattakala yana ƙarasa hawa, da naɗin siririyar waya a hannu, irin wadda yake zura wa ƙananan bututu. Na bi shi. Inna ta fita sayen sabulu. Ya wuce kicin, ya ɗora tukunya, ya yanki wayar da filaya, ya lanƙwasa bakinta ya goge da fayil don kada ta yi kaifi, ya jefa a ruwa.

"Ka gani? Har dafa ta nake yi. Kada ka ce ban san tsabta ba. Je ka wanke hannu."

"Yaya, wannan ba magudanar wanka ba ce. Ƙirjinka ne."

"Bututu bututu ne! Da hannuna zai kai wurin da ban roƙe ka ba. Kai dai ka danna bakin bawul, ka zura a hankali, in ka ji ta tokare ka juya. Yaron da ya yi mako ɗaya a shagona ya iya wannan."

"Ba zan yi ba."

"To ka riƙe mini madubi in yi da kaina!"

Muryarsa ta cika gidan. Ya tuna mini ranar da ya cire ni daga rijiya muna yara, ya tuna mini ayyukan da ya samo mini, ya ce ashe ƙanin da ya goya matsoraci ne, ya ce 'yarsa ta saye ni. Yana cikin wannan Inna ta shigo da ledar sabulu. Ta dubi tukunya na tafasa, ta leƙa, ta ga waya. Ta dube ni, ta dubi mijinta da rigarsa a ɗage.

"Malam, me ake dafawa?"

"Ba ruwanki. Aikin maza ne."

"A tukunyata?"

Na gaya mata komai, Yaya na hararata. Na zaci za ta yi kuka ko ta kama ƙofa kamar yadda ta saba. Sai ta ajiye leda, ta kashe wuta, ta ɗauki cokali mai yatsu ta tsamo wayar, ta nufi taga ta wurga ta kan rufin rumfar shago. Muka ji ƙararta a kan kwano.

"Ke! Kin san abin da kika yi?"

"Na sani. Ina ka samo ta?"

"A shagona, da kuɗina na saya!"

"Wa ya ɗauko maka?"

"Ni na ɗauko! Ƙafata ta karye ne?"

"Kai ka sauka, kai ka hau?"

"Na ce ni ne!"

Inna ta ja kujera ta zauna, ta harɗe hannu.

"Malam, tun daga bakin titi nake jin muryarka, har mai shagon gaba yana tambayata ko lafiya. Ni ban san bututu ba, kuma har yau ban iya kallon robar nan ba. Amma na san ka. Lokacin da ruwa ke cika maka ƙirji, sunana ma ba ka iya ƙarasawa, a zaune kake kwana da matasai a bayanka. Yau kwana nawa ba a zubar da komai ba, amma ka sauka ka hau, ka zagi ƙaninka tun daga rijiya har zuwa jiya ba ka tsaya shan iska ba. In toshewa ce, ina ruwan ya tafi?"

Yaya ya dafa ƙirjinsa.

"Yana ciki," in ji shi. "Yana taruwa."

"Kai ne fa kake korar yaran shago in sun fasa bangon mutane ba su hau sun duba tanki ba."

"Wannan tankin ba ya ƙafewa. Likitoci sun ce zai riƙa dawowa."

"To su da suka faɗa su duba. Ni dai waya ba za ta shiga jikinka a gidan nan ba. In ka ɗauko wata in wurga ta inda ta farko take, har shagon ya ƙare."

Ta ɗauki wayar salula a gabansa ta kira Nas. Nas ta yi tambayoyi: zazzaɓi? Babu. Fatar wurin? Na ce lafiya lau. Numfashi? Inna ta ce, "Saurara ki ji," ta miƙa wayar wajen Yaya da ke ta faɗa. Nas ta ce a kawo shi a ɗauki hoto a ranar, domin ta waya ba a sanin ko toshewa ce ko wani abu, kuma kada kowa ya taɓa robar.

Ba mu da mota sai ta Alƙaliya. Kafin azahar ta iso, ta hau benen da sauri, ta wuce ɗaki ta buɗe durowa ta fara zuba kayan uban a jaka: riguna, bargo, buroshin haƙori.

"Uwata, ajiye jakar nan."

"Baba, mun yi magana. Robar ta ba da matsala. Baffa, kai ma da kai aka ɓoye mini?"

"Bar Baffanki, ni na hana shi. Zan je a ɗauki hoto. Da ƙafata zan shiga, da ƙafata zan fito, a gadona zan kwana."

"Ka yi alkawari!"

"Kai na gyaɗa, ban yi magana ba. In ma alkawari ne, ni na yi, ni na warware."

Alƙaliya ta jefa rigar da ke hannunta kan gado.

"Kana ganin mugunta nake maka? Kullum ina wurin aiki, waya ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. A can akwai masu duba ka dare da rana. A nan wa ke akwai? Inna da ba ta iya kallon jini ba, da Baffa da ke bin umarninka tun yana yaro!"

"Yau bai bi ba," in ji Inna.

Yaya ya daɓa gefen gado. "Zo ki zauna." Ta ƙi, sannan ta zauna.

"Uwata, ciwon nan ba zai bar ni ba, ke ma kin ji da kunnenki. Masu duba ni dare da rana ba za su hana abin da zai zo ba, sai dai su ja mini labule. Ɗaga kanki ki dubi silin ɗin nan. Baffanki ya shafa shi, bai iya ba, ga shatin buroshi can a kusurwa. Amma na saba da shi. Shi nake so in riƙa gani in na buɗe ido. Ban roƙe ki komai ba tun da aka haife ki, ban da wannan."

Ba ta ce ta yarda ba. Ta share ido, ta miƙe, ta ɗauki jakar ta sa a bayan mota.

A ƙofar asibiti wani ma'aikaci ya turo keken marasa lafiya. Yaya ya ce ya kai wa mai bukata. Ya taka dogon barandar nan da kansa, yana dafa bango jefi-jefi, mu uku muna biye kamar masu rakiyar babban mutum. Aka ɗauki hoto, aka shafa masa wani abu mai sanyi a haƙarƙari aka duba da na'ura. Muka daɗe a kan benci. Yaya ya ƙi jingina, wai kada su ga kamar ya gaji.

Likita mutum ne mai sanyin magana. Ya juyo da allon hoton wajenmu, ya nuna tsohon hoto da sabo. A tsohon, rabin ƙirjin fari ne fat. A sabon, farin ya koma ɗan siriri a can ƙasa.

"Baba, robarka ba ta toshe ba. Ruwan ne babu. A wasu mutane, ba duka ba, in an daɗe ana zubarwa huhu yakan buɗe ya manne da bangon ƙirji, sai ruwa ya rasa wurin taruwa. Naka haka ya yi. Wani ya zura wani abu a cikin robar?"

Inna ta ce, "An dai dafa waya."

Likita ya cire tabarau ya dubi Yaya.

"Da ta shiga, da ta lalata bawul ɗin iska ta bi ta ciki, ko ta kai ƙwayoyin cuta inda babu abin da zai tare su, ko ta huda abin da ba a hudawa. Da yanzu kana kwance a sama, kuma ba kwana ɗaya ko biyu ba."

Yaya ya dubi ƙasa. "Na goge bakinta da fayil," in ji shi, amma a hankali.

Likita ya ce tunda robar ta gama aikinta gara a cire ta, domin barinta ba amfani hanya ce ta cuta. Ya kuma faɗa a fili cewa ciwon dajin na nan inda yake, ruwan ne kawai ya tsaya, kuma yana iya dawowa wata rana. Sannan ya dubi agogo ya ce rana ta yi nisa, abin da ya fi sauƙi a ba shi gado ya kwana, a cire da sassafe.

"Ga kayansa a mota," in ji Alƙaliya.

Yaya ya miƙe tsaye, ya dafa teburin Likita da hannu biyu.

"Likita, ina girmama aikinka. Gaya mini gaskiya: kwanan nan don lafiyata ne, ko don sauƙinku?"

Likita ya ɗan yi murmushi. "Don kada ka sha wahalar zuwa sau biyu ne."

"Wahalar tawa ce, ina so. Ƙarfe nawa kuke buɗewa? Za ku tarar da ni a bakin ƙofa."

Likita ya dubi Alƙaliya. Ita kuma ta dubi ubanta, tsaye, rigar ta yi masa yawa, amma ya ƙi zama.

"Zan kawo shi da safe," in ji ta.

Da safe aka kashe wurin da allura aka zare robar, aka yi ɗan ɗinki. Bai kai lokacin shan shayi ba. Yaya ya roƙa a nuna masa ita kafin a jefar. Wata ma'aikaciya ta ɗaga ta da almakashin riƙo wajen fitila, ya ƙanƙance ido ya bi ta da kallo daga kai har wutsiya.

"Tas take," in ji shi. Ya juya wajen Inna. "Kada ki ce komai."

"Ban ce ba."

"Fuskarki ta ce."

Kafin rana ta take muna gida. Ya hau matattakalar da kansa, ya tsaya sau ɗaya a tsakiya, wannan karon ya ce hutawa yake yi.

A lokacin da nake wannan rubutu Yaya na nan da ransa. Ƙarfinsa ya ragu ƙwarai, ya daina sauka ƙasa, barcinsa ya fi farkawarsa yawa. Ruwan bai dawo ba tukuna. Nas na zuwa da maganin rage ciwo. Alƙaliya ta sayo katifa ta shimfiɗa a falon ubanta, daga nan take tafiya aiki, kuma kullum da safe sai sun yi gardama a kan ko a buɗe taga ko a rufe. Tun daga ranar da ya yi rantsuwa bai kwana ko'ina ba sai ɗakinsa.

Iyakar abin da na gani ke nan, na rubuta shi yadda ya auku. Ban kama alƙalami ba sai da gemuna ya yi fari, kuma aikin jinya ba sana'ata ba ce, aro aka ba ni na ɗan lokaci. Saboda haka duk wanda ya ga na karkace a harafi, ko na kira wani abu na asibiti da sunan da ba nasa ba, ko na sa gaba a baya wajen bayanin zubar da ruwan, ina roƙonsa ya gyara, kada wani mai jinya ya ɗauki kuskurena ya yi aiki da shi.